Na'urar auna tururin nukiliya ta aljihu: wata huɗu ina gwada ta a Damagaram

Wata huɗu ke nan da na sayi ƙaramar na'urar auna tururin nukiliya, irin wadda ake kira Gaiga, kuma tun ranar da labarinta ya bazu a unguwarmu ta Zango ban huta da tambaya ba: wasu suna so su ji nawa na saye ta, wasu suna so in ara musu, wasu kuwa so suke su san ko gaskiya take faɗa. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a nan Zinder, ba dillalin kowa ba, kuma daga aljihuna na biya jikka 38, wato sefa 38,000, wani ɗan kasuwa mai zirga-zirgar Kano ya yo mini odarta, ta iso bayan mako uku. Ba zan ambaci sunan da aka buga a jikinta ba, domin na ga irinta sak a intanet da sunaye har huɗu, gida ɗaya, maɓallai ɗaya, launi kaɗai ya bambanta. Saboda haka abin da zan faɗa ya shafi dukan danginta masu araha da ake ƙerawa a ƙasar Sin.

Maƙwabcina ne sanadin sayenta. Dattijo ne maƙeri wanda ya fi shekara 40 yana dukan ƙarfe, kuma da yawa daga tsoffin ƙarafan da yake ƙera garma da murhu da ƙyauren gida da su, manyan motoci ne ke saukowa da su daga arewa ta hanyar Agadas da Tanut. Wata rana bayan sallar la'asar ya tsayar da ni a bakin maƙerarsa, ya nuna mini wani tulin bututu masu tsatsa, ya kira ni da sunan da ake kiran malamin makaranta da shi a nan, ya ce: "Mushe, kai da ka karanci abin nan, yaya zan yi in gane ko ƙarfen nan na ramin Arlit ne? An ce akwai mai dafi a cikinsu, ni kuma da jikokina a kansa muke wuni." Na ce masa, "Baba, da ido dai babu mai iya ganewa, domin abin ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya ƙuna a hannu." Ya yi mini irin kallon da ake yi wa malamin da karatunsa bai tsinana komai ba, kuma a daren nan na fara neman na'urar.

Tsoron dattijon yana da tushe, ruwa ba ya tsami banza. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971, COMINAK kuma a Akokan a 1978, dukansu a ƙarƙashin jagorancin Faransawa, waɗanda kamfaninsu ya yi ta sauya suna daga Cogema zuwa Areva zuwa Orano. A ƙarshen 2003, bisa gayyatar ƙungiyar Aghir in'Man ta Almoustapha Alhacen, masanan CRIIRAD, wata cibiyar bincike mai zaman kanta a Faransa, suka zo Nijar don su yi awo, aka karɓe manyan kayan aikinsu tun a filin jirgin saman Yamai, suka ƙarasa Arlit da ɗan abin da ya rage a hannunsu, kuma duk da haka suka tarar ana sayar da gurɓatattun ƙarafan ma'adinai a kasuwa. A watan Nuwamban 2009 ƙungiyar Greenpeace ta yi nata awon, rahotonta na 2010 ya ce akwai wani wuri a titin Akokan inda tururin ya ninka na al'ada kusan sau 500, kuma huɗu daga cikin samfuran ruwa biyar da ta ɗiba sun haura iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata wa ruwan sha. Kamfanin ya sha cewa yana aiki cikin ƙa'ida, ya kuma bi titunan ya kwashe tarkacen da aka nuna, amma abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne sai da baƙi suka zo da na'urarsu kafin a ga abin kwashewa.

Ita na'urar ba ta kai wayar salula tsawo ba, tana da allo mai launi da batir da ake cajinsa da irin igiyar cajin waya. Zuciyarta wani siririn bututun gilashi ne mai kamar tsawon ɗan yatsa, cike da iska ta musamman, da zaren ƙarfe a tsakiyarsa mai ɗauke da lantarki na wajen bolt 400. Duk sa'ad da ƙwayar tururi ta ratsa bututun sai wuta ta gifta a cikinsa na ƙiftawar ido, na'urar ta ƙidaya ɗaya, ta yi ƴar ƙara kamar an ƙyasta ashana, kuma daga yawan bugun da ta ƙidaya a minti take lissafo lambar da take nunawa, wato mikrosibat, ma'aunin tururin da jiki ke samu, a awa ɗaya. Dabarar tsohuwa ce, Hans Geiger da ɗalibinsa Walther Müller suka kammala ta a Jamus a 1928, zamani bai ƙara mata komai ba sai allo da araha. Kalmar "tururi" da muka saba ji a rediyo ma tana ɓatar da mutane, domin sukan zaci hayaƙi ne da za a ga yana tashi, alhali abin ya fi kama da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a likita.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani shi ne na'urar ba ta yin shiru a ko'ina. Ƙasa da duwatsu da sararin sama duk suna fitar da nasu tururin tun fil'azal, kuma kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a rahotonsa na 2008 cewa matsakaicin abin da ɗan Adam ke samu daga halitta ya kai milisibat 2.4 a shekara, wato mikrosibat 2,400. A ɗakina lambar tana yawo tsakanin 0.10 da 0.16, a kan rairayin bayan gari ta ɗan sauka. Da na hau duwatsun Birni na ɗora ta a kan dutse na bar ta minti goma, sai ta daidaita a ɗan sama da 0.20, kuma haka ya kamata, domin garinmu a kan giranit yake zaune, dutsen da a ɗabi'arsa ya fi rairayi ɗauke da burbushin yuraniyom da toriyom da fotasiyom. Dutsen nan da ya hana mu wadatar rijiya, har sai an jawo mana ruwa daga Gogo da Arunguza da Ganaram, shi ne ya ɗaga lambar, kuma a gindinsa kakanninmu suka rayu suka tsufa. Wannan gwaji ne ya sa na fara amincewa da ita, domin ta bambance abin da littafi ya ce za ta bambance. Sai dai tana son haƙuri: a minti na farko lambar tsalle-tsalle take yi, wanda ya kunna ya karanta nan take ya karanta shirme.

Ranar da na kai ta maƙera kusan rabin layinmu ya taru. Na bi bututun ɗaya bayan ɗaya ina manna bayan na'urar a jikin ƙarfen, musamman a baki inda ɓawon datti ke daskarewa daga ciki, domin a nan gurɓata take maƙalewa a bututun da ruwan ma'adinai ya bi, ina ba kowanne minti biyu. Mun shafe fiye da awa ɗaya, lambar ba ta wuce ta tsakar gida ba. Na zaci dattijon zai yi hamdala, sai ya goge hannunsa a walki ya ce: "Mushe, ita ma ai wani ne ya ƙera ta. Wa ya sani ko an gaya mata abin da za ta faɗa?" Mutane suka kwashe da dariya, ni kuwa ban yi ba, domin na'urar da ba a taɓa ganin ta yi kuka ba, shirunta ba shaida ba ne. Washegari na zo da tsohon farin ƙyallen nan mai kama da safa da ake ɗaura wa fitilar gas mai famfo, wanda na tono a kabad ɗin ɗakin gwaje-gwajen makaranta, irin na da da ake jiƙawa da toriyom don ya ƙara haske. Ina kusanto da shi sai ƙarar ta ruɗe kamar ana toya gero a kasko, lambar ta haye, ina janyewa ta lafa. Na yi haka sau uku, sa'an nan na miƙa masa ya yi da hannunsa. Sai a lokacin ya gyaɗa kai ya ce, "To, tana da kunne."

Kuskurena a ranar shi ne na zarce da nuna gwaninta. Akwai buhun takin zamani mai lamba 15-15-15 a wani shago kusa, na ɗora na'urar a kansa don in nuna cewa fotasiyom ɗin da ke cikinsa yana da ɗan kaso mai fitar da tururi, irin wanda ke cikin wake da dabino da jikinmu ma, lambar kuwa ta ɗaga kaɗan kamar yadda na sa rai. Bayanina bai kai inda labarin ya kai ba. Kafin sallar isha zance ya zagaye unguwa cewa mushe ya gano guba a takin da ake sayar wa manoma, sai da na yi kwana uku ina bin majalisun shayi ina warware maganar, na kuma je na ba mai shagon haƙuri. Wata tsohuwa har kanwa ta aiko mini a ƙulle in auna mata, kanwar ba ta motsa lambar ba, domin yawancinta gishirin sodiyom ne.

Na yi ta tunanin abin da ya sa mugun labari ya yi gudu haka bayanina kuma ya yi ta rarrafe, sai na ga bai kamata in ɗora laifin duka a kan jahilci ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma zabura yake. A ranar 13 ga Fabrairun 1960, ƙasa da wata shida kafin Nijar ta sami mulkin kai, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko kusa da Reggane a hamadar Aljeriya, ta kuma ci gaba har gwaji 17 zuwa 1966. Taswirar sojojinta mai nuna inda ƙurar gwajin farko ta bi ta zauna a kulle fiye da shekara 50, sai a 2014 jaridar Le Parisien ta buga ta, aka ga ƙurar ta kai Njamena, ta kai Bamako. Wanda ya san inda Damagaram take a tsakanin waɗannan wurare ba ya bukatar a ƙarasa masa zancen. Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961 saboda gwaje-gwajen, a nan kuwa ban taɓa jin wani tsoho ya ce an gargaɗe su ko da su rufe randa ba.

Masu tashoshin wutar nukiliya ma haka suka yi wa mutanensu. Tashar Cernobil ta fashe a daren 26 ga Afrilun 1986, ba a kwashe mutanen garin Pripyat da ke kusa da ita ba sai washegari da rana, kuma Tarayyar Sobiyet ba ta amsa wa duniya ba sai ranar 28, bayan na'urar bakin ƙofa a tashar Forsmark ta Suwidin, mai nisan fiye da kilomita 1,000, ta yi kuka a kan takalmin wani ma'aikaci. A Faransa hukumomi sun yi ta kwantar da hankalin jama'a har abin ya zama zolaya, ana cewa gajimaren ya tsaya a kan iyaka, kuma ɓacin ran wannan lokacin ne ya haifi CRIIRAD a shekarar. A Japan, bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris na 2011 sun lalata tashar Fukushima, gwamnati ta jinkirta fitar da hasashen kwamfuta na inda iska za ta kai ƙurar, wasu mutanen garin Namie suka yi gudun hijira zuwa ɓangaren da ƙurar ta nufa, daga nan talakawa suka ruga sayen irin wannan na'ura, masu aikin sa kai na Safecast suka riƙa ɗaura ta a motoci suna zana taswirarsu da kansu. Ni kaina na san cewa in an gwada mace-mace da yawan wutar da aka samar, tashar nukiliya ta fi ta kwal sauƙin ɓarna nesa ba kusa ba, kuma haka nake koya wa ɗalibaina; amma da wuya ka shawo kan mutum da lissafi alhali ya ga masu lissafin sun ɓoye masa takarda sau ɗaya, sau biyu, sau uku.

Yanzu ga babban aibin na'urar, wanda mai sayarwa ba zai faɗa maka ba, watakila don shi ma bai sani ba. Tururin iri uku ne, alfa da beta da gama. Bututun gilashin yana jin gama da beta mai ƙarfi, amma alfa ko takarda ba ta iya ratsawa, balle gilashi da robar gidan na'urar. To, mafi girman haɗarin ma'adinan yuraniyom ta wannan ƙofar yake shigowa: ƙurar da ake shaƙa, ruwan da ake sha, da iskar radon mai fitowa daga dutse da tarkace ta taru a rufaffen ɗaki, wadda ita ce ta biyu bayan taba wajen haddasa sankarar huhu, ita ce kuma kusan rabin milisibat 2.4 ɗin da na ambata. Duk waɗannan sai sun shiga jiki suke ɓarna, na'urar kuwa ba ta auna su yadda za a dogara da ita. Mata da dama sun kawo mini ruwa a buta ko a jarka na ƙi aunawa, wasu suka ji haushi suka ce rowa nake yi, alhali dalilina shi ne ruwan da ya haura iyakar Hukumar Lafiya ta yanzu, wato mikrogiram 30 na yuraniyom a lita, zai iya zama a gabanta ba ta ce uffan ba, matar ta koma gida da kwanciyar hankalin da ba ta da hujja. A wurina shirunta a kan ruwa ya fi kukanta a kan taki haɗari, domin jita-jitar taki kwana uku ta yi ta mutu, shaidar ƙarya a kan rijiya kuwa shekaru za a yi ana sha da ita. Awon ruwa aikin ɗakin bincike ne. Haka nan na bar ta a taga a kwanakin hazon hunturu ba ta nuna komai ba, kuma ban ɗauki hakan hujjar komai ba.

Akwai wani lissafi da ya ƙara nuna mini iyakarta. Ƙa'idar duniya ta yarda jama'a su sami ƙarin milisibat 1 a shekara daga ayyukan nukiliya a kan na halitta, ma'aikata kuma 20. In ka raba milisibat 1 da awa 8,760 na shekara za ka sami kusan mikrosibat 0.11 a awa, wato ƙarin da bai wuce bambancin ɗakina da duwatsun Birni sosai ba, bai kuma yi nisa da tsalle-tsallen da lambar take yi da kanta ba. Saboda haka ba za ta raba gardama tsakanin kamfani da mazauna gari a kan ko an kiyaye ƙa'ida ba. Aikinta ta nuna maka abin da ya ninka na al'ada sau biyar, sau goma, sau ɗari.

Ƙananan aibobin ba su da yawa amma suna da ban haushi. Umarnin allon da Ingilishi da Sinanci kawai yake, babu Faransanci, ƴar takardar bayanin kuma ba ta zo da wata shaidar an daidaita awon a ɗakin bincike ba, don haka lambar ta fi amfani wajen gwada wuri da wuri fiye da a ɗauke ta a matsayin hukunci. Hasken rana in ya shiga ta ramukan bayanta ya sami gilashin yakan sa ta ƙidaya bugun ƙarya, sai da na rufe ramukan da siririyar baƙar leda, allon kuma ba ya karantuwa a ranar Afrilu sai an kai shi inuwa. Batirin yana yi mini wuni biyu in na rage hasken allo. A kuma yi hattara da wata na'ura dabam da ake tallata da kusan suna ɗaya, mai auna igiyoyin wayar salula da eriya, wadda ba ruwanta da yuraniyom ko kaɗan.

Wanda zan ce ya saya ba tare da jinkiri ba shi ne dilan tsoffin ƙarafa, da maƙeri, da mai narka tukwane, ko su yi karo-karo su sayi ɗaya ta layinsu. Ba don Arlit kaɗai ba. A 1987 a garin Goiânia na Burazil wasu masu tsintar ƙarfe suka kwance injin gasa sankara a wani asibitin da aka yasar, suka sayar wa dilan ƙarfe, aka fasa ƙwansa aka riƙa raba garin siziyom mai shuɗin haske ga dangi don sha'awa, mutum huɗu suka mutu, kusan 250 suka gurɓata, aka auna fiye da 100,000. Irin wannan abu na'urar jikka 38 za ta ji shi tun daga bakin ƙofa. In ta yi kuka mai ƙarfi a kan wani ƙarfe, kada a yanka shi, kada a kankare shi, kada a sa shi a wuta. A ja da baya, a hana yara zuwa, a sanar da hukuma, domin ƙasarmu tana da hukumar kula da lafiyar ayyukan nukiliya, ARSN, wadda wannan aikinta ne. Magidancin da damuwarsa ruwan gidansa ne ko ƙurar hunturu kuwa, ya adana kuɗinsa.

Abin da ya sa nake ganin maganar ba ta ƴan arewa kaɗai ba ce shi ne inda aka dosa. An rufe COMINAK a ranar 31 ga Maris na 2021, ta bar tarkace kusan tan miliyan 20 a gefen Akokan, wanda aka tsara rufewa da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita biyu. A watan Yunin 2025 gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa, a watan Yuli kuma aka sa hannu kan takardar fahimtar juna da kamfanin Rosatom na Rasha game da makamashin nukiliya, har ana maganar gina tasha. Wanda ya sha zafin Damagaram a 2023, sa'ad da Najeriya ta katse wutar da take ba mu, ba zai raina maganar tasha ba, ni ma ban raina ba. Sai dai sauya mai ma'adinai bai sauya halin tarkacen ba, kuma yanzu da abin ya dawo hannunmu babu wani baƙo da za a ce shi ya ɓoye. Abin da nake so in gani mai sauƙi ne: a riƙa auna ruwan Arlit da Akokan da iskarsu a kai a kai, a liƙa sakamakon a ƙofar ma'aikatar magajin gari, a karanta shi da Hausa da Tamashek a rediyo kamar yadda ake karanta farashin hatsi, a kuma bar malaman jami'o'inmu, har da ta André Salifou da ke nan Zinder, su ɗibi nasu samfurin su gwada ba tare da an karɓe musu kayan aiki ba.

Ni dai na buɗe wa na'urar littafi, ina rubuta rana da wuri da lamba, ya zuwa yanzu na auna lodin ƙarfe tara a maƙerar dattijon ban sami ko ɗaya da ya wuce na tsakar gida ba. Ya mayar da abin al'ada, duk ranar da mota ta sauke kaya daga Agadas sai ya aiko jikansa. Jiya da safe yaron ya yi sallama na tarar batirin ya mutu, kuran kuma an ɗauke tun dare, sai na ce ya gaya wa Baba a ajiye sabbin bututun a bayan katanga kada kowa ya taɓa su, zan kai ta caji wurin mai faifan hasken rana a bakin kasuwar Dole, in iso bayan la'asar.